Yadda Ake Tsara Rumbun Waƙoƙi A Unguwannin Hausawa Na Anaca, Inugu Da Fatakwal

ANACA — A cikin watan Yuli na shekarar 2024 wata tsohuwar waƙa ta shahararren mawaƙin nan na Inugu, Mike Ejeagha, mai suna "Ka Esi Le Onye Isi Oche", wadda ta fito tun 1983, ta sake game ƙasar nan baki ɗaya bayan da wani mai wasan barkwanci, Brain Jotter, ya yi rawa da ita a intanet. Waƙar da ta shekara arba'in da ɗaya a kwance ta wayi gari kowa yana nemanta. Duk mai shagon tura waƙa da ya ajiye ta da sunanta da sunan mai ita ya same ta cikin daƙiƙa guda. Wanda kuwa ya ajiye ta da wani suna irin "Track 07" a tsakiyar dubban fayiloli, to shi da wanda bai taɓa mallakarta ba duk ɗaya ne a wannan makon.

Wannan matsala ta fi tsanani ga kayan Hausa. A unguwannin Hausawa na Gabas, kamar Titin Bida da Kan Gada a Anaca, da Ama Awusa ta Titin Owerri a Inugu, da Diobu a Fatakwal da Oyigbo da ke maƙwabtaka da ita, sauti ya daɗe yana cikin hajar da ake kawowa daga Arewa tare da shanu da albasa da wake. Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa tsoho ne, domin tun a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, ya riƙe muƙamin magajin garin Inugu na farko. Da can faifan garmaho ake kawowa, sai kaset, sai faifan CD. Bayan shigowar wayar salula a 2001, da kuma yaɗuwar wayoyi masu ɗaukar memori, sana'ar ta koma hannun masu tura waƙa, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin, watau matasa masu teburi da kwamfuta da ke cika wa mai shayi da direban tirela da mai gadi waya da waƙoƙi da karatu da wa'azi.

Manyan manhajojin sauraro sun shigo, Boomplay a 2015, Spotify kuma a watan Fabrairu na 2021, amma ba su kashe sana'ar ba. Dalili na farko kuɗin data ne, wanda Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince a ƙara shi da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Dalili na biyu shi ne da yawa daga abin da Bahaushe mazaunin Kudu yake marmari, musamman tsofaffin ɗauka na makaɗan fada da na jama'a, ba su cikin waɗannan manhajoji, ko kuwa suna ciki amma a birkice. Saboda haka ne ya kamata mai shago, ko ɗan kasuwar da ya tara kaset na shekaru a gidansa, ya san yadda ake kafa rumbun sauti, abin da masu sana'ar kwamfuta ke kira saba: na'ura guda da ke riƙe da dukkan waƙoƙi, wadda wayoyi da lasifikoki na gida ko na shago ke ɗiba daga gare ta ta hanyar Wi-Fi ba tare da an ƙona data ba.

Bayanan shaida

Kowane fayil na waƙa yana da wani ɗan gurbi a cikinsa inda ake rubuta sunan waƙa da na mawaƙi da na kundi da shekara da nau'in kiɗa. Waɗannan su ne bayanan shaida, kuma matsayinsu ɗaya da rubutun da ɗan kasuwa ke yi a jikin buhu kafin a loda shi a mota. Sunan fayil da ake gani a waje daban yake da su. Manhajar rumbu ba ta damu da sunan waje sosai ba, bayanan ciki take karantawa ta jera kaya, kuma da su take amsa tambayar mai nema.

A fayilolin MP3 tsarin da ake bi sunansa ID3. Na farkonsa, wanda Eric Kemp ya ƙirƙiro a 1996, gurbi ne na bait 128 kacal a ƙarshen fayil, kuma bai ba sunan waƙa ko na mawaƙi fiye da harafi 30 ba. Duk wanda ya rubuta "Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina", wanda ya kai harafi 33 idan an haɗa da tazara, zai tarar an datse masa ƙarshen Katsina. Har ila yau jerin nau'o'in kiɗa 80 da tsarin ya zo da su babu kalangu a ciki, babu kotso, babu kuntigi. Tsari na biyu, ID3v2, ya fito a 1998, ya kawar da wannan ƙunci, ya kuma ba da damar saka hoto da dogon bayani. Fayilolin FLAC, waɗanda suka fito a 2001, suna da nasu tsarin da ke barin mutum ya ƙirƙiri gurbi da duk sunan da ya ga dama.

Wahala ta farko ga Hausa ita ce haruffa masu ƙugiya. A wurin na'ura, "Dankwairo" da "Dan Kwairo" da "Ɗanƙwairo" da "Musa Dankwairo Maradun" mutane huɗu ne, kuma haka za ta jera su, kowanne da 'yan waƙoƙinsa. Ƙari a kan haka, 'ya'yan marigayin sun ci gaba da waƙa da sunan gidan bayan rasuwarsa a 1991, don haka ko rubutu ya zo ɗaya mai waƙar yana iya bambanta. Mafita ita ce mai rumbu ya zauna tun kafin ya taɓa kwamfuta ya rubuta a littafi yadda za a rubuta sunan kowane mawaƙi, hanya ɗaya tak, sa'an nan ya hana yaran shago sauya ta. Ana iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ a cikin bayanan shaida na ID3v2 muddin an zaɓi tsarin haruffa na Unicode a manhajar gyara. To amma rediyon mota da ƙananan akwatunan sauti masu araha sukan nuna alamar tambaya ko murabba'i a madadinsu. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a bar ƙugiya a bayanan ciki, a rubuta sunan fayil na waje ba ƙugiya, domin shi ne irin waɗannan na'urori suka fi dogara da shi.

Wahala ta biyu ta fi zurfi, domin ta shafi yadda waƙar Hausa take tun asali. An ƙera tsarin ID3 ne don mawaƙin da ke shiga ɗakin ɗauka, ya fitar da kundi mai waƙa goma, kowace da sunanta. Makaɗin Hausa na gargajiya ba haka yake aiki ba. Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan rera waƙa ɗaya a wurare da dama, a gidan rediyo da filin wasa da gidan biki, kuma kowace ɗauka da ɗiyan da ya ƙara ko ya rage. Mai saye da ya san waƙa ba zai karɓi kowace ba, akwai wadda yake nufi. Haka kuma suna ɗaya yana hawa kan waƙoƙi biyu: akwai Bakandamiyar Shata, akwai ta Narambaɗa, kuma mawaƙa da dama sun yi wa basarake ɗaya waƙa, jama'a na kiran kowace da sarautar mutumin. Saboda haka rumbun Hausa yana bukatar gurabe uku da Bature bai tanada ba, watau wanda aka yi wa waƙar, da inda aka ɗauke ta, da kuma tushen da aka kwafo ta, ko kaset ne ko garmaho ko rediyo. A FLAC ana buɗe musu gurabe na kansu. A MP3 ya fi sauƙi a zuba su a gurbin sharhi bisa jeri ɗaya da ba ya sauyawa.

Gurbin nau'in kiɗa kuwa ya fi amfani idan aka cika shi da kayan kiɗa ko rukunin waƙa: kalangu ga Shata, kotso ga Ɗanƙwairo, kuntigi ga Ɗanmaraya Jos, ƙwarya ga Barmani Choge, gurmi ga Haruna Uji, sa'an nan waƙoƙin fim da na siyasa da na bege kowanne da rukuninsa. A waƙoƙin fim akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, inda ake sa sunan jarumin da ya hau waƙar a fim a gurbin mawaƙi, alhali wani ne ya rera ta. Sunan mai murya ne ke shiga gurbin mawaƙi, sunan fim ya shiga gurbin kundi. Dangane da shekara, abin da ake so shi ne shekarar da aka yi ɗaukar. Idan ba a tabbatar da ita ba gara a bar gurbin fayau, domin shekarar ƙarya takan bi fayil daga waya zuwa waya har ta zama abin da kowa ya yarda da shi.

Karatu da tafsiri suna da tasu ƙa'idar mai sauƙi. Na'ura tana jera 10 kafin 2 idan ta ɗauke su a matsayin rubutu, don haka surori 114 sai an rubuta lambarsu da gurbi uku, daga 001, zaman tafsirin azumi kuma daga 01 zuwa 30, tare da shekara a sunan kundi.

Akwai manhajoji na kyauta da ke rage wannan aiki. Mp3tag tana gyara ɗaruruwan fayiloli a lokaci guda, tana kuma goge sunayen shafukan intanet da akan cusa a gurbin kundi. MusicBrainz Picard tana sauraren fayil ta kwatanta shi da babbar rajistar MusicBrainz, wadda Robert Kaye ya kafa, masu sa kai kuma ke cikawa. Tana iya gane waƙoƙin zamani na Legas da waɗansu kundaye na Osita Osadebe ko Oliver De Coque ko Rex Lawson. A kan kaset ɗin Hausa da aka kwafa daga kwafe ba a cika samun biyan bukata ba, tunda abin da ba a shigar a rajista ba babu yadda za ta gane shi. Nan sai kunne, kuma kunnen da ake bukata yana wurin dattawan zango da suka ji waƙoƙin nan tun suna sababbi. Kwana biyu da mai shago zai yi da irin wannan dattijo yana kunna masa yana rubutawa sun fi masa riba a kan kowace manhaja, kuma dama ce da ke raguwa kowace shekara.

Lissafin wuri

Kafin a shiga kasuwa sai an san girman kaya. MP3 mai ƙarfin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait ɗaya a minti, mai ƙarfin 320 kuma megabait 2.4. Sautin faifan CD da ba a matse ba yana cin sama da megabait 10 a minti, FLAC kuma yana rage shi zuwa kusan rabi ko kashi biyu cikin uku ba tare da zubar da kome ba. Ke nan waƙa 10,000 masu minti biyar-biyar za su ci kimanin gigabait 50 a ƙaramin MP3, ko kimanin gigabait 300 a FLAC. Kaset mai minti 90 zai ci megabait 500 zuwa 600 a FLAC, watau kaset 1,000 ba za su cika terabait ɗaya ba. Tafsirin wata guda na awa biyu kullum, a kilobit 64, bai kai gigabait biyu ba.

Abin da wannan lissafi ke nunawa shi ne sauti ba ya cin wuri kamar fim, kuma yawancin masu saye suna biyan kuɗin girman da ba za su taɓa cikawa ba. Ga kaset da garmaho, waɗanda watakila sau ɗaya za a samu damar kwafarsu, ya kamata a ajiye uwar a FLAC, a riƙa cire MP3 daga gare ta don turawa. Mayar da MP3 zuwa FLAC kuwa ɓarnar wuri ce kawai, abin da aka zubar a matsewar farko ba ya dawowa.

Wuta ce ke zaɓen na'ura

A ƙasashen Turai muhawarar masu rumbu a kan ingancin sauti take. A Anaca da Inugu da Fatakwal wutar lantarki ce ke yanke hukunci. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Nijeriya ta mayar da farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A zuwa Naira 225, kafin ta ɗan sassauta shi daga baya. Idan aka ɗauki wannan farashi a matsayin ma'auni, tsohuwar kwamfutar teburi mai jan wat 100, idan ta kwana ta wuni a kunne, za ta sha yunit 72 a wata, watau Naira 16,200. Ƙaramar na'ura mai jan wat 10 za ta sha yunit 7.2, watau Naira 1,620. Bambancin ya haura Naira 170,000 a shekara, kuma ga mai dogaro da janareta tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya fi haka nesa ba kusa ba. Kwamfutar da aka samu da araha a gwanjo tana iya cinye kuɗinta a wuta kafin shekara ta zagayo.

Tura waƙa ga waya aiki ne mara nauyi, ba ya bukatar na'ura mai ƙarfi. Ga mafi yawan shaguna da gidaje tsohuwar kwamfutar cinya ce ta fi dacewa. Tana jan wuta kaɗan, tana da allo da madannai a jikinta, sa'an nan batirinta yana riƙe ta idan an ɗauke wuta, abin da sai an sayi UPS kafin kwamfutar teburi ta samu. Ana samun irinta a Garrison ta Fatakwal da kasuwar kayan lantarki ta Anaca da Ogbete ta Inugu, masu gyara kuma suna kusa. Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan ta Ingila mai girman tafin hannu da ta fito a 2012, ta fi kowace tsimin wuta, domin samfuri na 4 na 2019 wat kaɗan yake ja, kuma batirin cajin waya mai kyau ko ƙaramin sola yana ɗaukarsa. Aibinta shi ne memorin da take tashi da shi yakan lalace idan wuta ta yanke tana cikin rubutu, kuma ba kowane mai gyara ne ya saba da ita ba. Akwatunan ajiya na musamman irin na Synology da QNAP suna da kyau, amma da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023 farashinsu ya fi ƙarfin ƙaramin shago. Manhajar da ke raba waƙar, kamar Navidrome ko Jellyfin, kyauta ce, kuma rauta tana haɗa wayoyin gida da rumbu ko da babu intanet a cikinta.

Wajen ma'ajiya, faifan ajiya mai juyawa ya fi araha a kowane terabait, amma ba ya jure faɗuwa ko jijjiga. SSD ba ta da abin da ke motsi, ta fi jure teburin bakin titi, sai dai ba a so a jefa ta a akwati shekaru ba tare da an sa mata wuta ba. Wanda zai sayi na hannu ya nemi a buɗe masa manhaja irin CrystalDiskInfo ya ga awoyin da faifan ya yi yana aiki da kuma ko ya fara samun tabo. Memori da filas na jabu kuwa, waɗanda aka rubuta wa girman da ba su da shi, ha'incinsu ba ya fitowa sai an cika su, inda sababbin waƙoƙi ke taka tsofaffi ba tare da wani gargaɗi ba. Manhajar H2testw tana cika su ta karanta ta faɗi gaskiyar girmansu, kuma gwajin ya fi kyau a yi shi kafin a bar wurin mai sayarwa.

Yanayin Kudu ma yana da nasa haraji. Danshin Fatakwal yana sa kaset ya yi fumfuna, ya kuma ci bakin wayoyi da tsatsa, baƙin hayaƙin da ya addabi garin tun ƙarshen 2016 kuwa yana toshe fankar kwamfuta. Kaset da aka kawo daga Kano ko Gusau, inda iska ta bushe, ba ya daɗewa haka a nan, don haka shi ya kamata a fara kwafa.

Kwafi uku da doka

Gobarar kasuwar Mile One ta Fatakwal a watan Disamba na 2013, da ta tankar mai da ta cinye sashen kasuwar Ochanja a Anaca a watan Oktoba na 2019, da ambaliyar Kogin Kwara ta 2012 da ta 2022, sun isa hujja cewa rumbu guda a ɗaki guda ba ajiya ba ne. Ƙa'idar da masana ajiyar bayanai ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Faifai biyu a cikin akwati ɗaya ba su cika wannan sharaɗi ba, domin tsawa ko ɓarawo tare suke ɗaukarsu. A nan Bahaushen Kudu yana da gatan da wasu ba su da shi, tunda motocin da ke kawo kaya suna komawa Arewa kowane mako. Faifai na uku yana iya tafiya gida wurin ɗan'uwa, a riƙa musanya shi da sabo duk sallah.

Saura batun haƙƙin mallaka, wanda masu sana'ar ba su cika son a tayar ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, ɗaukar sauti kuma shekara 50. Bisa wannan lissafi waƙoƙin Shata suna hannun magadansa har ƙarshen 2069, na Ɗanƙwairo kuma har ƙarshen 2061. Mutum ya adana abin da ya saya don sauraren gidansa wani abu ne, sayar da kwafi ko kunna waƙa a otal da wurin biki don neman kuɗi kuwa yana bukatar izini daga mai haƙƙi ko daga ƙungiyar da Hukumar Haƙƙin Mallaka ta amince ta karɓa a madadinsa, kamar MCSN. A nan ma bayanan shaida ne ke aiki, domin mai shagon da ya san mawaƙi da shekara da tushen kowane fayil shi ne zai iya zama da magada ko da furodusa a Kano su yi yarjejeniya a kan adadi sananne, kuma manhajar rumbu tana iya fitar masa da jerin cikin minti kaɗan a duk lokacin da aka nema.